Zalzalar Ƙasar Sham: Riwayar Alƙalami da Shaidar Dutse



 An nemi in yi magana a kan tarihin girgizar ƙasa, to da yake duniya da faɗi take, lokacin da aka ɗiba mini kuwa ƙanƙane ne, sai na ga ya fi kyau in tsaya a yanki ɗaya in bi shi a natse, maimakon in yi ta tsalle daga nahiya zuwa nahiya har a tashi ba a riƙe kome ba. Yankin shi ne wanda magabata suke kira Sham, watau abin da a yau ya haɗa Siriya da Labanan da Falasɗinu da Isra'ila da Urdun, har da kusurwar kudancin Turkiyya inda birnin Antakiya yake.

Dalilin zaɓen nawa shi ne, da wuya a sami wata ƙasa a bayan duniya wadda aka daɗe ana rubuta labarin girgizarta kamar wannan, da Yunananci da Suryananci da Ibrananci da Larabci, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka tattara labarin ba baƙo ba ne gare mu. Shehu Jalaluddin Suyuɗi na Alƙahira, wanda ya rasu a 1505, wanda kowane azumi muke zama gaban malamai ana karanta mana tafsirin da ya kammala na Jalalaini, wanda kuma ya taɓa aiko da wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas, yana da wani ɗan littafi da ba a cika karantawa a zaurukanmu ba, mai suna Kashfus Salsala an Wasfiz Zalzala. A cikinsa ya bi shekarun Hijira ɗaya bayan ɗaya yana ambaton inda ƙasa ta girgiza da abin da ta rusa, har zuwa kusan ƙarshen ransa, sa'an nan almajiransa suka ɗora daga inda ya tsaya. Bayan fiye da shekara 400, sa'ad da masana irin su Nicholas Ambraseys na birnin Landan suka tashi rubuta tarihin girgizar wannan yanki domin amfanin masu gina gadoji da madatsan ruwa, sai ga shi tilas ta kai su ga wannan littafi da ire-irensa na malaman tarihin Musulmi, suna bin su shafi shafi.

Kafin riwaya, ya wajaba mu fahimci sababi, gwargwadon yadda malaman ilmin ƙasa suka tabbatar da shi a ƙarni na 20. Ɓawon duniyar nan da muke takawa a rarrabe yake falle-falle, manya ƙwarai, kowane falle yana gusawa a hankali bisa dutse mai zafi da ke ƙarƙashinsa. Ƙasar Larabawa falle ce mai zaman kanta wadda ta ɓalle daga jikin Afirka tana nufin arewa, Bahar Maliya kuwa ita ce gurbin da ɓallewar ta bari. Iyakar wannan falle ta yamma wata tsaga ce mai tsawon kusan kilomita 1,000, wadda ta taso daga mashigin ruwan Aƙaba, ta bi Wadi Araba, ta ratsa Tekun Lut wanda fuskar ruwansa take fiye da mita 400 ƙasa da ta sauran tekuna, ta bi kwarin kogin Urdun da tafkin Ɗabariyya, ta hau duwatsun Labanan inda ta yi rassa, kana ta gangara ta kwarin Gab a Siriya har ta kai filin Amuƙ kusa da Antakiya. Mutumin da ya tsaya a gaɓar yamma ta kogin Urdun ya fuskanci gabas, ƙasar da yake hange a ƙetare tana gusawa zuwa hagunsa da kimanin milimita 4 zuwa 5 a shekara, abin da ido ba ya gani, amma da yake an yi miliyoyin shekaru ana haka, gushewar ta kai kilomita 105. Ma'adinin tagulla na Timna a yamma da na Fainan a gabas asalinsu jiki ɗaya ne, tsagar ce ta raba su ta nisanta tsakaninsu.

Da a ce gefunan biyu suna zamewa lami lafiya, da babu abin da zai kawo mu nan yau. Amma nauyi ya matse su, sun cije wa juna, ƙarfin turawar yana ta taruwa a cikin dutsen shekara da shekaru, har ranar da cijewar ta gaza, sai gefe ɗaya ya zabura mita biyu ko uku ko fiye cikin 'yan daƙiƙoƙi. Al'amarin ya yi kama da adashi: zubi kaɗan-kaɗan ne ba fashi, kwasa kuwa rana ɗaya ce. Mas'alar Sham duka tana cikin ƙanƙantar zubin. Milimita 5 a shekara rabin mita ne a ƙarni guda, don haka kafin a tara abin da zai isa babbar girgiza a yanki ɗaya na tsagar sai an yi shekara 500 ko 800 ko ma 1,000, alhali kuwa tunanin gari ba ya wuce abin da kaka ya gaya wa jika. Na'urorin auna girgiza ba su fi ƙarni ɗaya da 'yan kai ba a duniya. Wanda ya dogara da su kaɗai zai yanke hukunci cewa Sham ƙasa ce mai kwanciyar hankali, hukuncin nan kuwa ɓatacce ne, kuma ba abin da ya tona ɓacinsa sai alƙaluman mutanen da.

Magabata sun saɓa a kan sababi. Masu bin Arisɗo, har da Ibn Sina, suna ganin tururi ne da iska suke maƙalewa a cikin ƙasa su nemi mafita. Suyuɗi bai karɓi wannan ba, ya karkata ga riwayoyin da suka zo a kan dutsen Ƙaf da jijiyoyinsa. Dukkansu ba su da abin da za su leƙa ƙarƙashin ƙasa da shi, ba kuwa zan zarge su a kan haka ba. Abin lura shi ne, bayanin sababin da kowannensu ya yi ya tsufa, amma jerin shekaru da sunayen garuruwa da suka bari yana nan da amfaninsa. Kuma ban ga inda sanin sababi ya yi karo da imani da ƙaddara ba, tun da Mai ƙaddarawa shi ne ya halicci sababin.

Zamanin Rumawa zan wuce shi da sauri. A 115 girgiza ta sami Sarkin Rum Tirajan yana Antakiya da rundunarsa, ya tsira ta taga, ya yi kwanaki yana kwana a filin sukuwa. A 363 ta taɓa garuruwa daga Galili har Batra. A watan Mayu na 526 ta sake faɗa wa Antakiya sa'ad da garin ya cika da baƙi saboda wani idin Nasara, gobara ta biyo baya ta cinye abin da ya rage, wani marubuci ɗan garin mai suna Malalas ya ce mutum 250,000 suka halaka. A 551 teku ya janye daga gaɓar Bairut sa'an nan ya dawo da ƙarfi, garin ya rushe tare da shahararriyar makarantarsa ta shari'ar Rum, aka mai da karatun Saida.

Wata girgiza mai girma da ta sami Musulmi suna mulkin Sham ta zo ne a ƙarshen daular Banu Umayya, ta rusa Ɗabariyya da Baisan da Fihl da Jarash, ta kuma lalata Masallacin Aƙsa. Malaman tarihi sun daɗe suna jayayya a kan shekararta, wasu suna cewa 746, wasu 747, wasu 749, domin kowace al'umma da irin ƙidayarta ta shekara, mai kwafe littafi kuma yakan yi tuntuɓen alƙalami. Abin da ya taimaka wajen raba gardamar ya fito ne daga ƙarƙashin ƙasa. A Baisan akwai jerin shaguna da aka gina da umarnin Halifa Hisham ɗan Abdulmalik, masu haƙa kayan tarihi suka tarar da rumfunansu a kife bisa titi yadda suka faɗi, a ƙarƙashin ɓaraguzan wani shago kuma suka sami 'yan dinarori na zinariya, mafi sabuntarsu an buga shi a shekara ta 131 ta Hijira. Kuɗi ba ya shiga ƙarƙashin gini kafin a buga shi, saboda haka girgizar da ta kayar da Baisan ba ta riga wannan shekara ba, wannan ya ƙarfafa masu cewa Janairun 749. A wani tsauni gabas da tafkin Ɗabariyya, a kangon garin Susita, har yau ginshiƙan wata majami'a suna kwance jere da juna, kawunansu duk sun fuskanci waje ɗaya, ba wanda ya ɗaga su tun ranar, domin garin bai sake zaunuwa ba.

Shekara guda bayan haka mulki ya koma hannun Abbasiyawa, gyaran Aƙsa ya faɗa a kan Halifa Mansur. Marubutan tarihin Ƙudus sun ruwaito cewa da aka kai masa maganar sai ya ce ba shi da kuɗi, ya yi umarni a ɓamɓare zinariya da azurfar da aka lulluɓe ƙofofin masallacin da su, a buga dinari da dirhami, a biya magina. Wanda ya san Mansur da riƙon dukiya ba zai yi mamaki ba. Ginin bai daɗe ba ya sake lalacewa, ɗansa Mahdi ya sake shi. A watan Disamba na 1033 wata girgizar ta kwarin Urdun ta rusa Ramla ta kuma taɓa masallacin, Halifan Faɗimiyawa Zahir ya gyara, a 1068 kuma garin Aila da ke inda Aƙaba take yanzu ya halaka. Mai ziyarar Aƙsa a yau, gyara bisa gyara yake kallo.

Ƙarni na 12 shi ne ya fi cancantar mu dakata a kansa, domin a cikinsa arewacin tsagar ya yi ta kwasa yanki bayan yanki, kuma an yi dace a Dimashƙa akwai wani magatakarda, Ibnul Ƙalanisi, mai haƙurin rubuta cewa daren kaza ƙasa ta motsa sau kaza, wadda ta zo kafin asuba ta fi ta farko ƙarfi. Aikin da na'ura take yi a yau shi ya yi da tawada. Halab ta girgiza a Oktoban 1138. Daga 1156 motsi ya yi ta zuwa yana komowa wata da watanni, har ranar 12 ga Agusta 1157, cikin Rajab na 552, ya kai matuƙa a Hama da kewayenta. Ibnul Asir ya kawo labarin wani malamin makarantar allo a Hama wanda wata buƙata ta fitar da shi, kafin ya komo makarantar ta rufta a kan yara duka, ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne ba uba ko uwa ɗaya da ya zo tambayar ɗansa. Ba na jin akwai adadin da zai bayyana girman musibar kamar wannan riwaya.

Kusa da Hama akwai ganuwar Shaizar a kan dutse bisa kogin Asi, mazaunin gidan sarautar Banu Munƙiz. A ranar sarkin ya tara danginsa kaf a fada domin walimar kaciyar ɗansa, fadar ta rufta musu, gidan sarauta ya ƙare a sa'a ɗaya, in banda matar sarkin da aka zaƙulo da rai. An ce sarkin yana da wani doki da ba ya rabuwa da shi, an tsai da shi a bakin ƙofa, da jama'a suka ruga sai ya harbi na farko ya kashe, ya tare wa saura hanya. Wannan ƙarin ina karɓarsa da hannu ɗaya, domin tambaya tana nan: in duk na ciki sun mutu, wa ya ga harbin dokin? Wanda ya tsira daga manyan gidan shi ne Usama ɗan Munƙiz, jarumi kuma mawallafi, wanda baffansa ya raba da garin shekaru da dama kafin nan saboda kishin sarauta, lokacin yana Dimashƙa cikin hidimar Nuruddin Zanki. Korar da ya ɗauka zalunci ita ta raya shi, ya kuma tattara littafi guda, Almanazilu wad Diyar, na makokin gidaje da kangaye, domin tunawa da danginsa.

Ranar 29 ga Yuni 1170, watau 12 ga Shawwal 565, wadda ta fi ta zo, ta haɗa Halab da Hama da Hims da Ba'alabak da Ɗarabulus da Antakiya, ba ta bambanta ganuwar Musulmi da ta Faranjawa mayaƙan Salibiyya ba. Yaƙi ya tsaya ba tare da an rubuta sulhu ba, kowane ɓangare yana gaggawar toshe ganuwarsa yana tsoron kada ɗayan ya riga shi. Nuruddin ya bi garuruwan da kansa ɗaya bayan ɗaya, yana ajiye askarawa yana sa magina aiki. Sarki ne da aka shaida da yawan ibada, bai kuwa ga cewa tawakkali ya ɗauke masa ɗawainiyar dutse da farar ƙasa ba.

Yanzu ga inda riwaya da dutse suka haɗu, haɗuwar da ban san kamarta ba. A Oktoban 1178 Faranjawa suka fara gina wata ganuwa a mashigin kogin Urdun arewa da tafkin Ɗabariyya, wurin da Larabawa suke kira Baitul Ahzan. Salahuddin Ayyubi ya yi tayin dinari masu yawa a bar ginin, aka ƙi, ya zo ya kewaye ta ya ci ta a ƙarshen Agustan 1179, tun ba a gama ba. Maginan ba su san cewa bisa tsagar kanta suka aza harsashinsu ba, rabi a wannan falle rabi a wancan. Da aka haƙe wurin a shekarun 1990, sai aka ga bangon kudu da na arewa, waɗanda aka miƙe da igiya aka jera da sassaƙaƙƙun duwatsu, duk sun yanke, rabin gabas ya gusa arewa da mita 2.1. A cikin kangon akwai wani ɗan masallaci da aka gina daga baya, nasa bangon ya gusa da rabin mita kawai. To tun da an san shekarar ginin ganuwar sarai, lissafi ya fito: mita 1.6 ya tafi ne a girgiza ɗaya bayan 1179 kafin a gina masallacin, rabin mita kuma a wata daga baya, mafi rinjayen zato ta 1759.

Ta farkon ita ce ta 20 ga Mayu 1202, cikin Sha'aban na 598, kuma muna da shaidar wanda ya ji ta a jikinsa. Abdullaɗif Albagdadi, likita kuma masanin falsafa, yana Alƙahira sa'ad da ta tashi mutane daga barci kafin asuba, ya siffanta yadda motsin ya zo ya tafi ya komo, kana ya yi abin da ya nuna hankalinsa, watau ya kwafe wasiƙun da suka iso daga Hama da Dimashƙa cikin littafinsa Al'ifada wal I'itibar, ya bar masu gani da ido su yi magana da bakinsu. Nablus ta rushe in banda unguwar Samariyawa, Sur da Akka da Ba'alabak sun sha wuya. Binciken zamani ya gano cewa reshen Yammuna da ke duwatsun Labanan ne ya zabura.

A nan ya kamata ɗalibai su koyi yadda ake karanta irin waɗannan littattafai, domin karɓar kome da ƙin kome duk lalaci ne. Marubutan baya sun ce mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari suka mutu a wannan girgiza, adadin yana ta yawo har yau a jerin manyan bala'o'in duniya, alhali a waɗannan shekaru kogin Nilu ya ƙi cika, yunwa da annoba suka ci Masar, aka haɗa mamatan yunwa da na girgiza aka ba da jimla ɗaya. Wani ya sa ta a 597, wani a 598, mai tattarawa na baya ya ɗauka biyu ce. Haka nan 230,000 da ake jingina wa Halab ta 1138 daga alƙalamin Ibn Tagribirdi ya fito, mutumin Masar da ya zo bayan shekara 300, adadin kuwa asalinsa na girgizar Ganja ne a Azarbaijan ta yau, wadda ta auku a shekarar da ta biyo. Ƙa'idar da masu tahƙiƙi suka bi ba ta da nisa da ta malaman hadisi: a nemi wanda ya yi zamani da abin, a duba daga wa ya ji, a gwada riwayarsa da ta wani wanda bai san shi ba. In aka yi haka sai a ga adadin mamata galibi mubalaga ce, amma sunayen garuruwan da suka rushe da waɗanda suka ji motsi kawai abin dogaro ne, daga faɗin wannan da'ira kuwa ake ƙiyasta ƙarfin girgizar.

Bayan 1202 tsakiyar Sham ya sami dogon hutu daga irin wannan babbar halaka. A 1759 aka yi biyu a jere, ɗaya 30 ga Oktoba wajen Safad, ɗaya 25 ga Nuwamba wadda ta fi tsanani a Ba'alabak da Dimashƙa. Daga cikin waɗanda suka rubuta labarinta har da wani wanzamin Dimashƙa, Budairi, wanda ya yi shekara ashirin yana rubuta al'amuran gari, daga tsadar burodi har rikicin askarawa, shi ya bar mana hoton mutanen birni suna kwana a fili da gonaki cikin hunturu, ga ƙubbar masallacin Banu Umayya ta faɗi, ga hasumiyoyi sun karye. Annobar ɗa'uni ta biyo baya. A Ba'alabak wasu Ingilishi biyu sun zana ginshiƙai tara na babban haikalin Rumawa a tsaye a 1751, matafiyin da ya zo a 1784 ya tarar da shida, su ne shidan da suke tsaye har yanzu.

Halab ta sake rushewa a Agustan 1822. Ranar 1 ga Janairu 1837 Safad da Ɗabariyya suka halaka, dubban mutane suka mutu, kuma illar Safad a gininta take: an jera gidaje a kan gangaren tsauni hawa bisa hawa, rufin na ƙasa shi ne titin na sama, da na sama suka zame sai suka danne na ƙasa. Ƙarfin girgiza abu ɗaya ne, yawan mamata kuma wani abu ne dabam, ƙarni na 20 ya nuna haka a fili. Ta 11 ga Yuli 1927 kusa da Ariha ƙarfinta 6.2 ne a ma'auni, ta kashe kimanin mutum 300, mafi yawan ɓarnar a Nablus. Ta 22 ga Nuwamba 1995 a mashigin Aƙaba ta kai 7.2, kuma a wannan ma'auni hawa ɗaya yana nufin ninki kusan 32 na ƙarfi, amma da yake tsakanin teku da hamada ta auku, mamatan 'yan kaɗan ne.

Ta kwanan nan duk mun ji labarinta. Ranar 6 ga Fabrairu 2023, da ƙarfe 4:17 na dare, tsagar gabashin Anadol, wadda ta haɗu da tsagar Sham a wajen Antakiya, ta zabura da ƙarfin 7.8, bayan kimanin awa tara wata mai ƙarfin 7.5 ta biyo. Fiye da mutum 53,000 suka rasu a Turkiyya, dubbai kuma a arewacin Siriya, inda da yawansu 'yan gudun hijirar yaƙi ne da ke zaune a gidajen da aka ɗora cikin gaggawa, agaji kuma ya yi kwanaki bai ƙetare iyaka ba. Antakiya, garin da girgiza ta faɗa wa a 115 da 526 da 1170 da 1872, ta koma tsibin ɓaraguzai. A cikin abin da ya rushe har da masallacin Habibun Najjar, wanda Jalalaini da wasu masu tafsiri suka ce shi ne mutumin da aka ambata a Suratu Yasin, ko da yake Ibn Kasir yana da ja a kan cewa garin da surar ta ambata Antakiya ne. Turkiyya ba ta rasa dokokin gini masu kyau ba, amma hukuma ta sha yin afuwa ga gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba a karɓi tara a ba da takarda, ta ƙarshe a 2018, takarda kuwa ba ta ƙara wa ginshiƙi rodi.

Abin da masana suke kallo yanzu shi ne yankunan tsagar Sham da suka daɗe ba su yi kwasa ba. Kusa da Masyaf a Siriya akwai wata magudanar ruwa ta zamanin Rumawa wadda ta ƙetare tsagar, ta yanke ta gusa mita 13.6 a girgiza uku ko huɗu, da alamar gyare-gyaren da mutanen wurin suka yi a tsakani, ta ƙarshe kuwa ita ce ta 1170. Masana sun saɓa a kan saurin gushewar wannan yanki, amma ko milimita 2 kacal aka ɗauka, abin da ya taru cikin shekara 850 ya haura mita ɗaya da rabi. Reshen Yammuna, wanda yake tsakanin Bairut da Dimashƙa, bai yi babban motsi ba tun 1202. Kwarin Urdun, wanda Amman da Ƙudus da Nablus suke gefensa, ya yi shiru daga babbar girgiza tun 1033. Garuruwan da a da suke da mutum dubbai, yau miliyoyi ne a cikinsu, a benayen siminti.

Mai sauraro zai ce, to tun da an san zubi an san ranar kwasa ta baya, me ya hana a faɗi ta gaba? Amsar tana cikin laka. A gindin Tekun Lut kowace shekara takan bar shafi biyu, fari na rani da baƙi na ambaliyar damina, in girgiza ta zo sai ta dagula shafukan da ke sama ta bar tabo a wurin. Tsakanin 2010 da 2011 an huda gindin tekun an zaro laka mai tsawon fiye da mita 400, wadda ta ƙunshi kimanin shekara 220,000. Abin da aka karanta a cikinta ya yi daidai da abin da littattafan Larabci suka nuna na ƙarni na 12: manyan girgizoji ba sa zuwa a kan ƙayyadadden wa'adi, sukan zo a cunkushe cikin ɗan zamani, sa'an nan a yi dogon shiru wanda tsawonsa ba ya maimaita na baya. Saboda haka masani yana iya nuna wuri, ya ƙiyasta ƙarfi, ya gaya wa magini irin harsashin da ya dace, amma shekara da wata da rana ba ya iya faɗa, duk wanda kuwa ya ce ya sani, kamar masu yaɗa irin wannan da'awa a wayoyi bayan girgizar 2023, ba shi da hujja.

A nan zan dakata domin a sami lokacin tambaya da gyara daga malamai.